Tambaya da Amsa: Tururin Daskararriyar Ƙasa da Ruwan Saman da Ke Sauka a Kanta

Wasiƙu biyu muka ɗauka a wannan fitowa, dukansu daga cikin birnin Kano, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, a kan magana ɗaya suka faɗo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke Gwale. Muna cikin darasin yankunan sanyi na gaya wa ɗalibaina cewa akwai inda ƙasa take a daskare shekara da shekaru, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, idan ƙasar ƙanƙara ce, ta yaya ruwa zai tashi daga cikinta ya zama girgije, kuma idan ya tashi, shin yana tafiya da gishiri da dattin ƙasar har ruwan saman can ya bambanta da namu? Na ba ta amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, domin tambayoyi biyu ta ɗaure wuri ɗaya, kuma kowacce da tata amsar. Kafin a je gare su sai an gyara abin da yawancinmu muke zato, wato wani fili fari fat wanda babu komai a cikinsa sai ƙanƙara. Abin da masana ke kira daskararriyar ƙasa shi ne duk ƙasa ko dutsen da zafinsa bai haura digiri 0 ba har tsawon shekara biyu a jere ko fiye da haka, kuma galibi ba a ganinta da ido, saboda a ƙarƙashi take. Ta shimfiɗu a ƙarƙashin fiye da rabin ƙasar Rasha, da mafi yawan jihar Alaska ta Amurka, da arewacin Kanada, da tudun Tibet, kuma a wasu sassan Saiberiya kaurinta ya wuce mita 1,000.

Mu da muka saba da rijiya za mu fi gane abin ta labarin wani ɗan kasuwa mai suna Fyodor Shergin, wanda ya sa aka fara haƙa rijiya a gidansa da ke birnin Yakutsk na gabashin Saiberiya, a ƙasar Rasha, a 1828. Shekara tara ana haƙa, har aka kai mita 116 a 1837, wato sama da gaba sittin a ƙidayar maginanmu, ba a cim ma ruwa ba, kuma ba a fita daga ƙanƙara ba. Ramin yana nan a birnin har yau.

Sai dai a saman wannan ƙanƙara akwai wani ɓawon ƙasa da ke narkewa duk shekara idan lokacin zafinsu ya zo, daga Yuni zuwa Agusta, ya sake daskarewa da sanyi ya dawo. A can ƙuryar arewa kaurin ɓawon bai kai rabin mita ba, a wuraren da suka fi ɗumi kuwa yakan kai mita biyu ko uku. Zafin nasu kuma ba na wasa ba ne. A Yakutsk, inda watan Janairu ke zama a wajen digiri 40 ƙasa da sifili, akan sami ranakun Yuli da suka haura digiri 30, ga rana tana yin kusan awa ashirin a sama ba ta faɗi ba. A garin Verkhoyansk, wanda ya fi Yakutsk kutsawa arewa, an auna digiri 38 ran 20 ga Yuni 2020, zafin da ko Bakano zai ce bazara ta kankama. To daga wannan ɓawo ne, da tafkuna da fadamun da ke kansa, da ganyen itatuwan da saiwoyinsu ke cikinsa, ruwa yake tashi ya zama tururi. Wannan ita ce amsar rabin farko na tambayar.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ɗalibanki su sani, domin shi ne ya bambanta wancan yanki da namu. Ruwan saman da Yakutsk ke samu a shekara bai wuce milimita 250 ba, har da abin da ya sauka a matsayin dusar ƙanƙara. Wannan bai kai sulusin na Kano ba, bai ma kai na Damagaram ba, amma duk da haka birnin yana tsakiyar daji ne mai dogayen itatuwa. Dalili na farko shi ne lokacin zafin gajere ne, rana ba ta samun watanni tara tana shanye ƙasa kamar yadda take yi mana. Dalili na biyu shi ne ƙanƙarar da ke ƙarƙashi ta zama kamar daɓen siminti: ruwan da ya sauka ba shi da inda zai nutse, sai ya tsaya a cikin ɓawon nan, kusa da saiwa, kusa kuma da iska. A jigawarmu ruwa yakan sulale ƙasa ya tafi inda sai rijiya ko burtsatse za su same shi, a can kuwa ƙofar ƙasa a kulle take, saura ƙofa biyu kawai, ko ya gangara rafi ko ya koma sama.

Tashin tururin nan ba asara kawai ba ce, shi ne ma yake taimaka wa ƙanƙarar ta zauna. Ki sa yaran su lura da randar gidansu. A tsakiyar Afrilu za su ga jikinta yana tsattsafo, yashin da aka girke ta a kai ya jiƙe, ruwan cikinta kuma da sanyinsa ko da garin yana ci kamar wuta; a watan Agusta kuwa, da iska ta cika da laima, randar ita ce dai, amma ruwan ba ya yin sanyin da ya yi a baya, saboda tsattsafon ba ya samun bushewa. Kowane ɗigo da ya bar jikin randa ya zama tururi, da zafi yake tafiya. A kan wannan hikima marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Lissafin abin yana da ban mamaki: zafin da ake buƙata a mai da kilo ɗaya na ruwa tururi ya ninka kusan sau bakwai zafin da ake buƙata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara. Ke nan duk zafin ranar da aka kashe wajen tayar da tururi daga saman ƙasa, zafi ne da bai samu ya gangara ya ci ƙanƙarar ƙarƙashi ba.

Gansakuka da ruɓaɓɓen ganyen da suka lulluɓe ƙasar dajin suna ƙara wa wannan aiki ƙarfi. Suna riƙe ruwa suna sakin sa a hankali, idan kuma samansu ya bushe sai ya zama kamar bargo ya tare zafi. Ranar da gobara ko katafila ta yaye wannan mayafi, ƙanƙarar takan fara narkewa, ƙasa ta rufta. Mafi shaharar misali shi ne ramin Batagaika a arewacin Yakutiya, yankin da Yakutsk ne babban birninsa, wanda ya fara buɗewa bayan an sare dajin wurin a shekarun 1960, yau tsawonsa ya kai kimanin kilomita ɗaya kuma yana ci gaba da faɗaɗa. Shi kansa ruwan sama idan ya yi yawa a lokacin zafi yakan zama abokin gaba, domin yana shiga ƙasa da ɗuminsa, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya saurin miƙa zafi zuwa ƙarƙashi.

Yanzu sai rabi na biyu, wanda ya fi daɗin bayani. Shin tururin yana tafiya da gishiri? Ba ya tafiya da shi, kuma hujjar tana cikin kowane madafi. A ɗaga murfin tukunyar miya a lasa ɗigon da ya taru a jikinsa, za a ji shi salam, alhali miyar da ke ƙasa tana ta ƙara gishiri yayin da take ƙonewa. Ruwa ne kaɗai yake tashi, gishiri yana zama inda yake. Ta haka muke samun kanwa: a ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi ruwan ƙarƙashi yana hawowa da gishirinsa a narke, rana ta ɗauke ruwan, a wayi gari ƙasa ta yi fari. Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta labarin Yakutiya shi ne a can ma haka ake yi. A tsakiyar yankin akwai kwaruruka masu ciyawa da tafki a tsakiya, waɗanda mutanen wurin ke kira alas, ƙanƙarar ƙarƙashi ce ta narke tun da daɗewa ƙasa ta lotsa suka samu. Da yake ruwan sama kaɗan ne, tururi yana tashi da yawa, ƙanƙara kuma ta hana a wanke gishirin zuwa ƙasa, sai ƙasar waɗannan kwaruruka ta zama mai zartsi, har da gishiri dangin kanwa. Ƙasa mai kanwa a saman ƙanƙara ta dubban shekaru: da wani ne ya ba ni labarin a majalisa, da na ce ya ƙara gishiri.

Amma fa akwai abin da tururin ke ɗauka wanda harshe ba ya ji, sai na'ura. Ruwa haɗin ƙwayoyin oksijin da na haidurojin ne, kuma ƙwayoyin ba duka nauyinsu ɗaya ba. A cikin kowace ƙwayar oksijin 500 akan sami kusan ɗaya mai ɗan ƙarin nauyi, wadda ake kira oksijin-18, haka nan a cikin ƙwayoyin haidurojin wajen 6,400 akan sami ɗaya mai nauyi, ditiriyam. Idan ruwa yana bushewa daga ƙasa ko tafki, masu sauƙin ne suke riga tashi, masu nauyin su yi ta taruwa a abin da ya rage, kamar yadda iska ke kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba idan ana sheƙa. A busasshiyar iska kuma, ruwa mai oksijin-18 ya fi mai ditiriyam jan ƙafa, don haka tururin da ya tashi daga doron ƙasa yakan fito da wani tambari da ya bambanta shi da wanda ya taso kai tsaye daga teku. Harmon Craig na Amurka ya nuna a 1961 cewa ruwan saman duniya yana bin ƙa'ida ɗaya tsakanin waɗannan ƙwayoyi biyu, Willi Dansgaard na Denmak kuma ya fito a 1964 da ma'aunin da ake gane kaucewa daga wannan ƙa'ida, wanda za mu iya kira rarar ditiriyam. A farkon waɗannan shekaru ne hukumar makamashin nukiliya ta duniya da hukumar yanayi ta duniya suka fara tara ruwan sama wata-wata daga tashoshi a faɗin duniya don wannan awo, kuma Kano tana cikin tashoshin da aka ɗebi ruwansu a lokacin.

Amfanin wannan a yankin daskararriyar ƙasa babba ne. Yakutsk tana nesa da tekun Atlantika da dubban kilomita, kuma iskar da ta taso daga can ta riga ta zubar da mafi yawan ruwanta a Turai da yammacin Saiberiya kafin ta iso. Saboda haka kaso mai yawa na ruwan da ke sauka a gabashin Saiberiya lokacin zafi, ruwa ne da ya taɓa sauka a wani wuri, ya sake tashi daga ƙasa da ganye, ya sake zama girgije. Haka abin yake a tudun Tibet. Da wannan tambari ake ƙiyasta yawan ruwan da aka maimaita. Da shi ne kuma ake raba tururin ƙasa da na itatuwa, domin saiwa tana zuƙar ruwa ba tare da tankaɗe ba, ganye ya sake shi kusan yadda aka zuƙo shi, ita kuwa ƙasa tana tankaɗewa. Har ila yau tsohuwar ƙanƙarar da ta daskare tun zamanin da duniya ta fi yanzu sanyi ta fi ruwan saman yau ƙarancin ƙwayoyi masu nauyi, don haka idan ta narke ta shiga rafi ko jikin itace, ana gane sawunta.

To in ba tururi ba, daga ina ruwan sama yake samun gishiri da tsaminsa? Daga abin da ɗigon ya tarar a iska. Ko a inda babu hayaƙin kowa, ruwan sama yana da ɗan tsami, wajen 5.6 a ma'aunin tsami na pH, inda 7 ne ba tsami, saboda iskar kabon dayoksaid da ke narkewa a cikinsa. A gaɓar tekun Aktik, na ƙuryar arewa, yakan ɗauki gishirin teku. A tudun Tibet ƙurar busasshiyar ƙasa mai kalshiyam ce take rinjaye, tana kashe tsamin, kamar yadda 'yar kanwa ke kashe tsamin yakuwa. A birnin Norilsk na arewacin Saiberiya, inda ake narkar da ma'adinin nikel a kan daskararriyar ƙasa, an yi shekaru ana sakin kusan tan miliyan biyu na hayaƙin farar wuta a shekara, ruwa da dusar ƙanƙarar wurin suka yi tsamin da ya taimaka wajen kashe dajin da ke kewaye. Gobarar daji ma tana zuba nata kason na toka da hayaƙi, kuma ta 2021 a Yakutiya ta yi girman da hayaƙinta ya kai har tsakiyar ƙuryar arewa ta duniya a watan Agusta.

A nan ne nake ganin yarinyar tana da gaskiya ta wata fuskar da ba ta yi zato ba. Tururi ba ya ɗaukar gishiri, amma bushewar da ya bari a baya ita ce take haifar da ƙura da gobara, su kuma su shiga girgije. Idan ƙanƙarar ƙarƙashi ta ja da baya, daɓen nan ya yi ƙasa, wani wuri ruwa yakan sulale saman ya bushe, wani wuri kuma ƙasa ta lotsa ta zama fadama. Ta kowace hanya yawan tururin da ke tashi yana sauyawa, abin da iska ke ɗauka ma yana sauyawa. Akwai kuma abubuwan da ke tashi da kansu a matsayin iska ba tare da sun hau bayan tururi ba, irin su kabon dayoksaid da metan daga ruɓewar tsofaffin tsirrai, da zaiba, wadda daskararriyar ƙasa ta tara da yawa. Ki gaya mata, Malama, cewa ba ta yi tambayar banza ba, a Yakutsk akwai cibiya guda ta binciken daskararriyar ƙasa, mai sunan masanin nan Melnikov, inda manya ke cin abinci da irin tambayarta.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne mai ritaya a Fagge. Jikana ya nuna mini a Facebook hoton wasu rafuka a Alaska da suka koma ja kamar tsatsa, an ce narkewar ƙanƙara ce ta sako guba, kuma wai za ta biyo ruwan sama ta iso ko'ina. Mu a gidana muna tarar ruwan indararo, kuma na ga ruwan farko na bana ya zo jaja-jaja. Ko abin ne ya iso mu?

AMSA: Ranka ya daɗe, Alhaji, hoton gaskiya ne, amma sharhin da aka ɗora masa ba gaskiya ba ne. Rafukan suna cikin tsaunukan Brooks na arewacin Alaska, kuma rahoton masana da ya fito a 2024 ya ƙirga wurare 75 da abin ya shafa. Abin da ake ganin yana faruwa shi ne, duwatsu masu ƙarfe haɗe da farar wuta, waɗanda ƙanƙara ta rufe tsawon zamani, yanzu sun haɗu da ruwa da iska, suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da ƙarfe da wasu ma'adinai, ƙarfen ya yi tsatsa a cikin rafi. Kifin wurin da mutanen da ke shan ruwan su ne abin ya dama. Hanyarsa ta rafi ce zuwa teku, kuma kamar yadda na faɗa wa Malama a sama, ƙarfe da gishiri ba sa hawa sama tare da tururi.

Ruwan daminarmu daga tekun Atlantika yake tasowa, ta mashigin Gini, iskar kudu maso yamma ta turo shi, yana sauka a kurmi yana sake tashi har ya iso mu. Tururi kuma a matsakaici kwana tara ko goma yake yi a sama kafin ya sauko. Jan da ka gani na gida ne. Ƙurar hunturu ce, wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ta yi wata biyar ko shida tana kwanciya a kan kwanon gidanka, ga tsatsar kwanon, ga kashin tantabaru, ga baƙin hayaƙin janareta da na babura, ga kuma ƙurar da guguwar gaban hadari ta tayar daga titi.

Abin da yake isowa gare mu daga can shi ne iskar kabon. An ƙiyasta cewa ƙasar waɗancan yankuna ta ɓoye kimanin tan biliyan 1,500 na kabon, kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama a yanzu, kuma yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya tun daga 1979. Kabon dayoksaid da metan, ba kamar tururi ba, suna daɗewa a sama shekaru, suna gauraya da iskar duniya baki ɗaya, amma a zafin gari za mu ji su, ba a ɗanɗanon ruwan randa ba.

Game da indararo kuwa, a bar ruwan farko da na biyu su wanke kwano su zube, a kowane ruwa bayan haka ma a bar na mintunan farko ya wuce kafin a kanga bokiti. A rufe abin da aka tara, wanda za a sha kuma a tafasa shi, musamman idan jikokin nan ne za su sha.